Karatun ɗan riƙo: inda zaren yake tsinkewa da yadda ake ƙulla shi

A ɗauki yaro ɗan shekara tara da aka kawo aji a tsakiyar zango, ranar Laraba, riƙe da sabon littafin rubutu da aka saya masa jiya da yamma. Wannan ce makarantarsa ta uku cikin shekara biyu. Malama tana kan lissafin rabi da kwata, shi kuwa inda ya baro ba a kai ga rabawa ba ma, makarantar da ta gabaci waccan kuma ya bar ta ana tsaka da haddar sau. Ya zauna shiru, ya kwafe abin da ke kan allo tsaf, bai gane ko ɗaya ba. Bayan mako uku aka rubuta a takardarsa cewa ba ya mai da hankali. Bayan zango biyu an daina tambayarsa komai a aji. Babu wanda ya cuce shi da gangan, abin da ya sa matsalar take da wuyar kamawa ke nan.

Ɗan riƙo a nan shi ne yaron da ba ya hannun iyayen da suka haife shi, ko saboda rasuwa, ko rashin lafiya, ko ɗauri, ko sakaci da cin zarafi, aka damƙa shi ga wani gida, na dangi ko na bare, sau da yawa da sa hannun hukuma ko kotu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci riƙo da kafala ta shari'ar Musulunci cikin hanyoyin kula da irin wannan yaro, ta kuma ce a lura kada renonsa ya riƙa yankewa. A kan wannan yankewar maganar karatunsa gaba ɗaya ta rataya.

A ƙasashen da ake ajiye alƙaluma, 'ya'yan riƙo suna bayan tsararrakinsu a jarrabawa, tazarar kuma tana ƙara faɗi yayin da suke girma. Mai saurin yanke hukunci sai ya ce riƙon ne ke kashe karatu. Wani bincike da jami'o'in Oxford da Bristol suka fitar a Ingila a 2015 ya nuna ba haka abin yake ba. Da aka gwada yaran da suka daɗe a gidan riƙo da yaran da hukuma ta san gidajensu na cikin matsala amma aka bar su a wurin iyaye, waɗanda suka daɗe a riƙo su suka fi sakamako a jarrabawar da ake yi a shekara 16. Ma'ana, mafi yawan giɓin da yaro ya shigo da shi ne. Abin da yake ƙara masa nauyi bayan an karɓe shi kuwa binciken ya lissafa shi: sauya gida, sauya makaranta, fashin makaranta, da dakatarwa daga makaranta. Waɗanda aka sauya wa makaranta a shekaru biyun ƙarshe kafin jarrabawar sun yi ƙasa da sauran da fiye da mataki biyar in an haɗa sakamakon darussansu. Duk waɗannan abubuwa huɗu manya ne ke yanke su, ba yaro ba.

Masu bincike a Suwidin, inda ake iya bin rayuwar mutum a rajista tun daga haihuwa, sun gano abin da ya kamata ya tayar da hankalin duk mai riƙon yaro. A cikin ƙarin haɗarin da waɗanda suka tashi a riƙo suke fuskanta bayan sun girma, irin su shaye-shaye, aikata laifi da dogaro da tallafi, kusan rabi yana tafiya ne tare da raunin sakamakon makaranta. Abin da ya riga ya faru da yaro kafin riƙo ba a iya goge shi. Karatu kuwa ana iya gyara shi, kuma an san yadda ake yi.

Abu na farko shi ne kada sauya gida ya zama sauya makaranta kai tsaye. Yaron da aka ɗauke daga gidansu ya rasa ɗakinsa, da muryoyin da ya saba ji, wani lokaci har da 'yan'uwansa. Makaranta ce kaɗai wurin da har yanzu wani ya san sunansa da kujerarsa. Dokar ilimi ta Amurka ta 2015 ta ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida: yaro ya ci gaba a makarantarsa ta asali sai in an tabbatar maslaharsa tana wani wuri, hukumar ilimi da ta kula da yara su shirya yadda za a riƙa kai shi, in kuwa sauyin ya zama dole, sabuwar makaranta ta karɓe shi nan take ko da takardunsa ba su iso ba, ita ce za ta nemo su. Ko inda babu irin wannan doka, tambayoyin da za a auna iri ɗaya ne. Wata nawa ake sa ran zai yi a wannan gida? Saura wata nawa a yi babbar jarrabawa? Tafiyar minti nawa ce a kowace safiya, kuma shekarunsa za su iya ɗauka? Akwai wanda yake tsoro a tsohuwar makarantar, ko wanda zai iya tare shi a hanya? 'Yan'uwansa suna can? Shi kansa me ya ce? Tafiyar minti arba'in ta fi sauƙi ga ɗan shekara goma sha biyar da ya rage masa zango biyu fiye da sabon manhaja da sababbin malamai. Ga ɗan shekara shida da za a riƙe har girma, makarantar kusa da sabon gida ta fi, don a nan zai yi abokan da zai tashi da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar sauƙin manya ya yanke hukunci, sannan a ce maslahar yaro ce.

In sauyin ya tabbata, a daidaita shi da ƙarshen zango in da hali. A kai yaro ya ga makarantar kafin ranar farawa: ƙofar shiga, ajinsa, banɗaki, da fuskar mutum ɗaya da zai je wurinsa in abu ya rikice. A bar shi ya yi sallama da tsohon ajinsa, domin yaron da ake ɗaukewa ba sallama yakan koyi cewa shaƙuwa da mutane asara ce. Fayil ɗinsa kuma ya riga shi isa ko su isa tare. Katin sakamako kaɗai bai wadatar ba. Ana buƙatar jerin makarantun da ya yi da watannin da ya yi a kowace, da watannin da bai je ko'ina ba, inda aka tsaya a lissafi da karatu, littafin aikinsa na ƙarshe, bayanin ido da kunne da magungunan da yake sha, da sunan wanda ke da ikon sa hannu a takardun makaranta. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a ido, amma yara da yawa sun rasa fita yawon ilimi ko rajistar jarrabawa saboda an rasa wanda zai sa hannu a fom ɗaya. A Ingila an ɗaure abin da wa'adi: a samar wa yaro makaranta cikin kwana 20 na karatu in an sauya masa gida cikin gaggawa, a kuma buɗe masa rubutaccen tsarin karatu nasa shi kaɗai wanda ake sake dubawa kowane zango.

Sai aunawa, kuma a nan ya kamata a daɗe. A garin Helsingborg na Suwidin an fara wani shiri a 2005 da yara 25 'yan firamare da ke riƙo, shirin da aka sani da Skolfam. Masanin halayyar yara da malamin ilimi na musamman suka gwada kowane yaro, basirarsa da karatunsa da lissafinsa, suka zauna da malamin aji da mariƙa suka tsara abin da za a yi, suka riƙa bibiya har shekara biyu. Abin da gwajin farko ya tona shi ne mafi yawan yaran basirarsu daidai take da ta kowa, amma suna aiki ƙasa da ita nesa, manyan da ke kewaye da su kuma sun riga sun sallama cewa iyakarsu ke nan. Bayan shekara biyu karatu da rubutunsu sun ɗaga, lissafi ne ya fi taurin kai. Darasin da ke ciki shi ne raina basirar ɗan riƙo yakan zo da rigar tausayi. Ana cewa a ƙyale shi ya sha wahala, kada a takura masa. Yaro kuwa yana karanta wannan sassauci da kyau, ya gane an fid da rai da shi.

Ba sai da ƙwararru biyu ake fara aunawa ba. Cikin makonni huɗu zuwa shida na farko, bayan ya ɗan natsu, a duba idonsa da jinsa, don yaron da ya sha yawo tsakanin gidaje yawanci an tsallake masa waɗannan, kuma wanda ba ya ganin allo kamanninsa ɗaya da wanda bai damu ba. A ba shi shafi ya karanta a bayyane na minti ɗaya a ƙirga kurakurai. In yana tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin goma, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauko. A lissafi a bi tsani daga ƙasa: matsayin lamba, tarawa da ɗebewa masu ɗauko da aro, sau, rabawa, sannan ɓangarori. Matakin farko da ya yi tangaɗi, nan ne aikin yake, ko da ajinsa sun wuce shi da shekara biyu. Lissafi ya fi karatu cutuwa da yawan sauyi domin kowane mataki a kan na ƙasansa yake zaune, kuma makarantu ba sa bin jeri ɗaya. Kada a yi wannan gwaji a makon farko. Yaron da bai san inda zai kwana wata mai zuwa ba zai ba da sakamakon tsoro, a rubuta shi a fayil a matsayin sakamakon basira, ya bi shi shekaru.

Abin da ke toshe giɓin kuwa ba shi da ƙyalli. Wani shiri a Birtaniya mai suna Letterbox Club yana aika wa 'ya'yan riƙo ƙunshin littattafai da wasannin lissafi da sunansu a kai, sau ɗaya a wata har wata shida. Yara suna murna da shi. Amma da aka gwada shi a Ireland ta Arewa ta hanyar raba yara gida biyu da ƙuri'a, sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna ƙarin iya karatu ba. Littafi shi kaɗai ba ya koyarwa, sai da babba a gefe. Shi ya sa hanyar karatun tare ta fi dacewa da gidan riƙo, an kuma gwada ta da mariƙa a Ingila da Suwidin, minti ashirin, sau uku a mako, har mako goma sha shida.

Ga yadda take. Yaro ne ke zaɓen littafi. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa, ku fara karantawa a bayyane tare, babba yana rage gudunsa ya yi daidai da na yaro, yatsan yaro yana bin layi. Kun riga kun yi yarjejeniyar wata alama, misali ya ƙwanƙwasa tebur. In ya ji zai iya, ya ƙwanƙwasa, babba ya yi shiru, ya ci gaba shi kaɗai. In ya maƙale a kalma, a ba shi daƙiƙa huɗu ko biyar. Bai samu ba, babba ya faɗi kalmar kawai, yaro ya maimaita, ku koma karantawa tare har ya sake ƙwanƙwasawa. Ba a cewa ya rarraba haruffa, ba a tuna masa cewa jiya ma nan ya faɗi. In ya gyara kansa da kansa a yaba, a faɗi abin da aka yaba. Sirrin hanyar shi ne ba a barin yaro a rataye cikin kunya fiye da daƙiƙa biyar, kuma shi ke riƙe da linzami. Ga wanda manya suka saba yanke masa komai ba shawara, wannan ƙwanƙwasar tebur ba ƙaramin abu ba ce. Inda take lalacewa shi ne in babba ya mai da ita jarrabawa, ko ya ja ta ta kai minti arba'in don yau abin yana tafiya, ko a yi mako biyu a watsar. A lardin Ontario na Kanada an horar da mariƙa su koyar da karatu da lissafi awa uku a mako har mako talatin, aka kuma ga ci gaba a lissafi da fahimtar jimla. Mariƙin da shi kansa karatunsa bai yi nisa ba ba a cire shi daga lissafi ba: ya ware lokaci da wuri, ya sa a karanta masa, ya tambayi abin da labarin ya ce, ya nemo wanda zai zauna da yaron.

Halin yaro a aji shi ne inda malamai suka fi gajiya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya tashi inda ƙarar ƙofa ke nufin duka ya koyi sa ido a kan fuskokin manya da motsinsu. Wannan ya tsare shi a can, amma a aji yana cinye hankalin da zai riƙe umarni uku a jere. Sai a ga ya fashe a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya daskare, ko ya yi ta ba da dariya don kada a gane bai iya ba. Abubuwan da ke taimakawa ƙanana ne kuma ba su da tsada: kujerar da yake ganin ƙofa ba tare da kowa a bayansa ba, umarni ɗaya-ɗaya, sanarwa minti biyar kafin a sauya aiki, gaya masa tun da safe in malaminsa ba zai zo ba, da wurin da zai je ya huce na minti goma ya dawo. A yi masa gyara a keɓe, da murya ƙasa. Wannan ba ya nufin a ɗauke masa doka. Yana buƙatar iyaka fiye da kowa, sai dai iyakar da ba ta sauyawa da yanayin fuskar malami. Dakatarwa kuwa ita ce hukuncin da ya fi yi masa illa, don tana tabbatar masa da abin da ya riga ya yi imani da shi, cewa in ya yi laifi za a rabu da shi, ga kuma darussan da zai ƙara rasawa, ga nauyin da take ɗora wa gidan riƙo har wani lokaci riƙon ya watse.

A lura da kalanda. Ranar da ta biyo bayan ziyarar iyayensa, ko ranar da aka yi alkawarin ziyara ba su zo ba, ko makon zaman kotu, ba ranakun gwaji ba ne. In malami ya san da su tun kafin su zo, rabin rigimar ta kau. Haka ayyukan aji da ake bayarwa da kyakkyawar niyya, a zana bishiyar dangi, a kawo hoton jarirantaka, a rubuta wa uwa wasiƙa. A buɗe su yadda kowa zai iya: mutanen da suke da muhimmanci a wurina. Labarinsa kuma nasa ne. Malamin aji yana buƙatar sanin abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi, ba ya buƙatar sanin abin da aka yi masa dalla-dalla, kuma ba a kiransa daga aji da sunan ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo.

Wannan ya kawo mu ga fashin makaranta. Kwana ɗaya a kowane mako biyu kashi goma ne cikin ɗari, wato kwana 19 a shekarar karatu mai kwana 190, kusan wata guda. Abin takaici, wani ɓangare na fashin ɗan riƙo hukumomin da ke kula da shi ne ke jawo shi: asibiti da ƙarfe goma, ganawa da ma'aikaci da sha ɗaya, ziyara da rana tsaka, kowa ya zaɓi lokacin aikinsa. A mai da su bayan tashi. Wanda ba zai matsu ba a riƙa juya sa'arsa don kada darasi ɗaya ya riƙa shan kashi kullum. Barci ma yana cikin lissafin, awa 9 zuwa 12 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matashi, kuma yaron da ke sabon ɗaki yakan yi makonni bai samu ba.

Duk waɗannan sanannu ne. Abin da ya sa ba a yin su shi ne yawan hannu. Mariƙi yana ganin karatu aikin makaranta ne, makaranta tana jiran ma'aikacin hukuma, ma'aikacin yana fama da inda yaro zai kwana, kotu tana duba tsaro. Kowa ya yi nasa, karatun ya faɗi a tsakani. Ingila ta amsa wannan da muƙamai biyu: malami ɗaya a kowace makaranta da aka ɗora wa alhakin 'ya'yan riƙo, da jami'i ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, wanda doka ta wajabta tun 2014, da ke bin karatunsu duka kamar a makaranta ɗaya suke ko da suna warwatse. Sunan muƙamin ba shi ne abin ba. Abin shi ne a sami mutum ɗaya da za a tambaya matakin karatun yaron nan a yau ya amsa ba tare da buɗe fayil ba. Taron da zai kira kowane zango kada ya wuce buri uku, kowanne da mai yi da ranar dubawa. «Ya inganta lissafi» ba buri ba ne. «Ya haddace sau shida zuwa sau tara kafin ƙarshen zango, minti goma kullum bayan an dawo, malama ta gwada ranar Juma'a» shi ne buri. A tambayi yaron kafin taron, ba a gaban manya shida ba. Iyayen da suka haife shi, in babu haɗari, a riƙa kai musu sakamakonsa, don yaro yakan ji cewa yin fice a sabon gida cin amanar tsohon ne, kalma ɗaya ta yabo daga bakin mahaifiyarsa tana kwance wannan ƙulli.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A wurare da yawa riƙo yana ƙarewa a shekara 18, daidai lokacin jarrabawar ƙarshe ko shekarar farko ta gaba da sakandare. Dokar Amurka ta 2008 ta ba jihohi damar tsawaita shi zuwa 21, Ingila ma tun 2014 ta ba matashi damar ci gaba da zama a gidan mariƙinsa zuwa 21 in duka ɓangarorin sun yarda. Ko da wannan ko babu, maganar gaba ana fara ta tun yana sha uku ko sha huɗu, lokacin zaɓen darussa, don darasin da aka bari a nan yana rufe ƙofar da ba a ma san da ita ba tukuna. A kai shi ya ga jami'a ko cibiyar koyon sana'a da idonsa. Kafin ya cika sha bakwai a tabbatar takardar haihuwarsa, katin shaidarsa da duk sakamakonsa suna wuri ɗaya, da kwafi a hannun wani babba. A kuma rubuta, da suna, gidan da zai sauka in an rufe ɗakunan kwanan ɗalibai lokacin hutu.